Allura, Feshi da Burtali: Yadda Kaduna Ta Yi da Garken Shanu

Soja da ma'aikacin reluwe da akawu ne suka kafa Kaduna. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da layin dogo da faɗin fili, sojoji suka fara sauka a 1913, hedikwatar Arewa kuma ta baro Zungeru ta tare a 1917. Babu wanda ya sa saniya a wannan lissafi. Duk da haka, da wuya a sami garin da aka yanke wa saniyar Arewa hukunci a cikinsa kamar wannan ɓangare na arewacin kogi, daga Tudun Wada zuwa Unguwar Rimi har Kawo da Mando. A nan aka tsara yaƙi da ƙudan tsando, a nan majalisa ta yi dokar makiyaya, a nan kuma masu bincike daga ƙasashen waje suka yada zango don gano abin da ya hana garken Bafulatani ƙaruwa. Wasu daga cikin ayyukan sun yi nasarar da har yau ba a yaba mata yadda ya kamata ba, wasu kuwa sun tsaya a takarda. Abin da allura ko feshi ke iya kashewa an kashe shi. Abin da ke buƙatar a ware ƙasa a tsare ta, shi ne ya gagari kowa.

Nagge daɗi goma ce, amma dukiya ce mai jinkirin ƙaruwa. Masu binciken da suka bi garkunan Bunaji a kudancin Kaduna a farkon shekarun 1980 sun tarar karsana ba ta haihuwar fari sai ta kusa shekara 5, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma kusan shekara 2 ne, sannan cikin maruƙa biyar aƙalla ɗaya ba ya cika shekara. Nonon da matar ruga ke tatsa bayan an bar wa maraƙi rabonsa bai cika kai lita ɗaya a rana ba. Mai gonar da fari ya cinye wa gero zai sake shuka baɗi. Mai garken da annoba ta kwashe wa rabi cikin wata guda kuwa, ɗansa da ke bin maruƙa a lokacin zai iya yin aure kafin garken ya koma yadda yake. Shi ya sa makiyayi ke riƙe tsohuwar saniyar da malamin dabbobi ke ce masa ya sayar: ya ga ta tsallake cutar da ta kashe 'yan uwanta.

Babbar masifar farko da aka rubuta labarinta ita ce bushiya. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu masu ɗauke da cutar a tashar Massawa, a bakin Bahar Maliya. Cikin shekara uku zuwa huɗu ta ratso Sudan ta iso Tafkin Chadi da ƙasar Hausa. Saniya takan fara da zazzaɓi, ido da hanci na zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo mai wari ya biyo baya, cikin kwana goma ta faɗi. A wurare da yawa cikin shanu goma tara ne suka mutu. Wani Bafaranshe mai suna Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, ya ba da labarin ɓarnar da ya tarar a hanya. Fulani da dama da suka wayi gari babu ko karsana sun ajiye sanda sun ɗauki fartanya. Cutar ta sake dawowa wajen 1913 zuwa 1914, daidai da yunwar da ake kira Kakalaba, ta kuma dawo bayan yaƙin duniya na farko.

Ba tausayin Bafulatani kaɗai ya tayar da Turawan mulki tsaye ba. Jangali na cikin manyan hanyoyin kuɗin baitulmalin En'e, ƙirgi da fata na fita waje, kuma mushe ba ya biyan jangali. An kafa sashen kula da dabbobi a Zariya a 1913, a 1924 aka buɗe ɗakin bincike a Vom. Rigakafin farko mai wahala ne. Sai an tara shanu a sansani, a yi wa kowace allura biyu, ɗaya ta jinin da ke ɗauke da cutar, ɗaya ta ruwan jinin dabbar da ta warke, sannan a tsare su makonni ana jiran su yi ciwon su tashi. Wasu ba sa tashi. Ga kuma abin da ya fi damun makiyayi: wanda ya kai shanunsa allura ya bayyana adadinsu, mai karɓar jangali kuwa ba kurma ba ne. Saboda haka da yawa kan kai rabi, su tura rabi daji da yara. Sai da aka samu rigakafin da aka raunana a jikin awaki, mutane kuma suka ga garken da aka yi wa allura ya tsira na maƙwabci ya ƙare, sannan aka fara kawo shanu ba tare da dogari ya bi su ba.

Wajen 1960 Walter Plowright, yana aiki a Kenya, ya samar da rigakafi mai arha wanda allura ɗaya ke tsare saniya iya rayuwarta. Da shi aka ƙarasa gagarumin kamfen ɗin JP15, wanda ya fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Dattawan ruga sun san shi da alamar kunne: duk saniyar da aka yi wa allura sai a huda mata kunne da wani ƙarfe mai fitar da siffar ganye uku, baɗi a ƙara wani hujin, har sau uku. Cutar ta lafa har aka ɗauka ta tafi. Kamfen ya ƙare a 1976, ƙasashe suka yi sakaci da yi wa sababbin maruƙa allura, alhali cutar na laɓe a iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan. A farkon shekarun 1980 ta dawo Nijeriya ta yamma da ta gabas, 1983 ta zama shekarar kuka a rugage, aka ƙiyasta asarar ƙasar nan da dala biliyan 2. Wannan ya haifar da sabon kamfen na Afirka baki ɗaya a 1986. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa bayan agana. Yaron da ke kiwo a bayan Rigachikun yau bai taɓa ganinta ba.

Abokin gaba na biyu shi ne ya fi shafar Kaduna kai tsaye, domin garin na zaune ne a cikin ƙasarsa. Ƙudan tsando iri-iri ne. Akwai masu bin kurmin bakin rafi, akwai mai son dajin doka inda namun daji suke. Cizonsa ke sa wa mutum ciwon barci, ya sa wa saniya sammore. Sammore ba ta da gaggawar bushiya. Saniya na ci amma tana ramewa, gashi ya tashi ya dushe, ido na hawaye, gashin wutsiya ya zube, ta koma bayan garke tana lasar ƙasa. Mai ciki ta yi ɓari, mai shayarwa nono ya ƙafe. Tana iya yin watanni a haka kafin rani ya ƙarasa ta. Tun 1895 David Bruce ya gano ƙwayar cutar a ƙasar Zulu, ya kuma tabbatar ƙudan ne ke yaɗa ta, abin da makiyaya suka daɗe da sani ta hanyarsu.

Wannan ƙuda ne ya tsara wa makiyayin Arewa kalandarsa. Da kaka, in an kwashe amfanin gona, garke ya ci kara da harawa a gonakin Kano da Katsina da Zazzau, ya bar wa mai gona taki. Rani na tsanani sai a gangara kudu bin ruwa da ɗanyar ciyawa, zuwa fadamun Kogin Kaduna da Mariga da Gurara, lokacin da zafi da bushewa suka tattara tsando cikin kurmi. Ruwan farko na sauka, ƙudan ya bazu, sai a juya arewa da sauri. Wanda ya makara ya biya da shanu. Fataken da ke kora shanu a ƙasa zuwa Ilorin da Ibadan ta gadar Jebba sun san wannan haraji, domin sa yakan bar kara da ƙiba ya isa kudu da sammore a jikinsa. Jirgin ƙasa ya rage wannan asara, daga baya tirela ta karɓe aikin.

Ciwon barcin mutane ne ya fara jan hankalin hukuma. A shekarun 1930 ya yi ƙamari a ƙasar Zazzau, har aka ƙirƙiro shirin Anchau a 1937. An sare kurmin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon kusan mil 70, aka tattara mutanen ƙananan ƙauyuka wuri guda don su iya riƙe sharar, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Masanin ƙwari T. A. M. Nash ne ya ja ragamar aikin. An yi shi da aikin tilas da tayar da mutane daga gidajen kakanninsu, abin da rahotannin lokacin ba su cika tsayawa a kansa ba. Amma ya nuna cewa in an hana ƙudan inuwa, ya tafi, kuma inda ya tafi shanu na iya kwana da damina.

Daga nan aka ga ana buƙatar cibiya ta dindindin. A 1947 aka amince da kafa Cibiyar Binciken Sammore da Ciwon Barci ta Afirka ta Yamma, aka buɗe ta a 1951, hedikwata a Kaduna, reshe a Vom. Ƙasashe huɗu take yi wa aiki, Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. H. W. Mulligan ne shugabanta na farko, Nash ya gaje shi. A 1964 ta zama ta Nijeriya ita kaɗai, har yau kuma tana nan a Titin Surame, Unguwar Rimi, mutane na wuce ta ba su san abin da aka yi a ciki ba. A can aka riƙa kiwon tsando cikin ƙananan keji, ana ɗora su a jikin dabba su sha jini, don a san rayuwarsa ciki da bai. Macen tsando ba ta zuba ƙwai kamar sauro. Tsutsa ɗaya tak take reno a cikinta, ta haife ta bayan kwana tara ko goma, tsutsar ta nutse cikin ƙasa mai laushi a inuwa. Ƙwaron da ke haihuwa ɗaya-ɗaya haka, in aka kashe manyansa na 'yan watanni a jere, zuriyarsa ta yanke. Yawancin wannan sani da ƙafar ma'aikatan ƙasa aka tara shi, samarin da ke bin rafi da 'yar koma a hannu, su tsaya a wuraren da aka sa wa lamba, su kama ƙudan da ya sauka a jikinsu, su rubuta mace ce ko namiji. Sunayen Turawan ne a kan littattafan.

Magunguna suka zo a jere: Antrycide a ƙarshen shekarun 1940, Berenil a tsakiyar 1950, sai Samorin, wanda sunansa ya zauna daram a bakin makiyaya. Daga tsakiyar shekarun 1950 kuma sashen yaƙi da tsando, wanda ofishinsa ke Kaduna, ya fara feshi. Da rani ake yi. Ayarin leburori ɗauke da tankunan feshi a baya su bi rafi, suna fesa DDT ko diyaldirin a gindin itatuwa da ƙarƙashin rassa, daidai inda ƙudan ke hutawa, ba dajin duka ba. An fara daga arewa maso gabas, ana turawa kudu shekara bayan shekara. A shekarun 1970, da taimakon Jamus, aka ƙara da jirgi mai saukar ungulu. Kafin ƙarshen shekarun nan an share kusan murabba'in kilomita 200,000, aikin da ba a yi kamarsa a wata ƙasar Afirka ba. Kifi da tsuntsaye da sauran ƙwari sun biya nasu kuɗin, domin diyaldirin guba ce mai daɗewa, daga baya ma duniya ta hana amfani da ita.

Sai dai ƙasar da aka ƙwato daga tsando ba a rubuta mata mai ita ba. Manomi ya shigo da gatari, kuma saran da ya yi da farautar namun daji sun kori ƙudan fiye da yadda feshi ya yi a wasu wuraren. Makiyayi ya shigo da garke, musamman bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka turo shanun Sahel kudu. Wanda a da yake zuwa cin rani ya koma, yanzu ya kafa ruga ya zauna, ya yi 'yar gonarsa. Ƙidayar dabbobi ta jirgin sama da aka yi a 1990 ta ba da shanu miliyan 13.9 a Nijeriya, ta kuma nuna kaso mai yawa na zaune a tsakiyar ƙasar har da damina, inda littattafan da ke cewa saniya ba ta rayuwa. A da ƙudan ne ke raba manomi da makiyayi, yana korar ɗaya daidai lokacin da ɗayan ke shuka. Da aka kawar da shi, babu abin da aka sa a gurbinsa.

Ko irin shanun ma ya sauya. Rahaji, ja mai dogon ƙaho, saniyar Sahel ce, ba ta jure sammore da laima, don haka masu gangarowa kudu suka riƙa sa bijimin Bunaji a garke har launin ya koma fari. Bokolo ya samu karɓuwa wajen masu kiwon turke saboda nama da sanyin hali. Hukuma kuwa tun da aka buɗe gonar Shika a 1928, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a 1976, burinta saniya mai nono da yawa, aka yi ta haɗa Bunaji da Friesian ta Turai. 'Yar da aka haifa takan ba da nono ninkin na uwarta, in ta samu dusa da ruwa da inuwa da wankin kaska. A sa ta a burtali ta yi tafiyar yini, kirci ya kama ta da damina, sai a ga bambanci. Makiyayi na zaɓen bijimi ne da tarihin uwarsa: tana haihuwa a kai a kai, tana da nono, tana jure rani, tana amsa kira. A ganina ba jahilci ba ne ya hana shi karɓar saniyar Turai. Ya auna abincin da yake da shi ne ya zaɓi bakin da zai iya ciyarwa.

Gwamnatin Sardauna ta hango matsalar ƙasa. A 1965 majalisar Jihar Arewa, a zaurenta na Lugard Hall, ta zartar da dokar keɓe makiyaya, wadda ta ba hukuma ikon ware daji don kiwo, a yi masa iyaka, a sa dam da asibitin dabbobi. Ba a yi shekara guda ba aka kashe Sardauna a Janairun 1966, a 1967 aka raba Arewa jihohi shida, kowace da nata lissafin. Shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya yi burin ware hekta miliyan 22, abin da aka samu bai wuce miliyan 2 da 'yan kai ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, kuma takardar mallaka ta fi sauƙin samu ga mai babbar gona fiye da mai garke. Alƙaluman da gwamnati ke yawan ambatawa su ne makiyaya 415, waɗanda aka yi wa cikakkiyar doka 141 kacal. Burtali kuwa, da labi da mashaya, yawancinsu al'ada ce da sarakuna ke tsarewa. Gona ta ci taku ɗaya bana, ta ci biyu baɗi, har hanyar da garke ke bi a da ta koma ta mai keke.

Ba mu kaɗai ke da wannan rigima ba. A can ƙuryar arewacin Turai mutanen Sami na kiwon wata babbar barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda ke tone ƙanƙara da kofato ta ci gansakuka. Su ma suna da wurin rani da wurin hunturu, su ma hanya da ma'adinai da sare daji na cin makiyayarsu. Bambancin shi ne tun 1751, lokacin da aka shata iyakar Norwe da Suwidin, aka rubuta musu 'yancin ƙetare ta da garkensu. Sun sha danniya bayan haka, amma a Oktoban 2021 kotun ƙolin Norwe ta yanke cewa lasisin manyan fankokin lantarki da aka kafa a Fosen ya tauye haƙƙin makiyayan. Makiyayin da aka nome masa burtali a Igabi ba shi da takardar da zai kai gaban alƙali.

A Oktoban 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, Abubakar Rimi ya yi haka a Kano, talakawa suka yi murna, kuma da dalili, domin an ci zalin mutane ƙwarai wajen karɓarsu. Amma akwai dattawan Fulani da ke cewa rasit ɗin jangali shi ne kaɗai shaidar da ke nuna hukuma ta san da zamansu, kuma tun da kuɗin ya daina shiga, ƙaramar hukuma ta daina damuwa da burtali. Makiyayar da ta fi suna a jihar ita ce ta Kachia, wadda aka fi sani da Ladduga, mai faɗin sama da hekta 30,000. An ware ta tun ƙarshen shekarun 1960, ba a yi mata cikakkiyar doka ba sai 1996. Bayan rikicin zaɓen 2011 iyalai masu yawa da suka tsere daga kudancin jihar sun kwarara cikinta. Ta ba su mafaka, amma ciyawarta da ruwanta ba sa kai garke ƙarshen rani, don haka har mazaunanta na tura shanu waje su dawo da damina.

Yunwar rani ce ainihin abin da ke hana haihuwa. Daga Janairu ciyawa ta zama kara marar amfani, saniya ta rame, ba ta neman bijimi. Makiyayi ya hau maɗaci da kawo da maɗobiya yana sassabe ganye, ya ba da kanwa, ya jira. Wannan ne ya kawo cibiyar binciken dabbobi ta ILCA, mai hedikwata a Addis Ababa a lokacin, wadda ta buɗe ofishi a Kaduna a ƙarshen shekarun 1970, tana aiki a Kurmin Biri da Abet. Dabarar da suka fito da ita rumbun ciyawa ce a tsaye. A kewaye hekta 4 da waya kusa da ruga. Maimakon garma, a kwanar da garke a ciki har kofato ya farfasa ƙasa, kashi ya zauna. A jiƙa irin sitailo, wata ciyawa dangin wake, a ruwan zafi don ɓawonsa ya yi laushi, a watsa. Da farkon damina a saki shanu su cinye ciyawar da ke neman rufe shi, sannan a rufe ƙofa sai rani, lokacin da za a riƙa shigar da masu ciki da masu shayarwa na awa biyu ko uku kullum. An tattauna sakamakon a wani taro da ILCA da NAPRI suka yi a Kaduna a ƙarshen 1984, kuma ya nuna maruƙa sun fi rayuwa.

Makiyaya sun karɓa, amma sun yi abin yadda suka ga ya fi. Maimakon masu shayarwa kaɗai, sai suka riƙa shigar da duk dabbar da ta kusa faɗuwa, domin a wurinsu ceton rai ya fi ƙarin ƙwarya ɗaya ta nono. Masu binciken sun yi gunaguni, daga baya lissafinsu ya nuna makiyayan ba su yi wauta ba. Abin da ya durƙusar da shirin daban ne. Gara ta ci turakun shinge, wutar daji ta cinye wasu rumbunan a dare ɗaya, wata cutar ganye ta kashe irin sitailon farko. Kuɗin waya ya tashi bayan karyewar naira daga 1986. Sama da duka, mutum ba ya kashe kuɗi ya shinge ƙasar da mai ita zai iya karɓewa baɗi, balle da aka lura sitailo na gyara ƙasa, masara na yin kyau a bayansa. Wanda ya ara wa Bafulatani fili sai ya ga dalilin neman abinsa.

Tsuke bakin aljihun gwamnati na shekarun nan ya taɓa allura ma. Malamin dabbobi, irin waɗanda kwalejin Titin Mando ke yayewa, ya rasa babur da man zuwa ruga. Magani ya koma kasuwa, a kan tabarma, cikin rana, na gaske da jabu a haɗe. Makiyayi ya zama likitan kansa, yana raba ƙullin Berenil na sa ɗaya wa shanu biyu, ƙwayar sammore kuwa ta saba da maganin. Ciwon huhu da ɓauru da bakkale da ciwon hanta ba su je ko'ina ba. A shekarun 1990 shirin Fadama ya raba injinan ban ruwa, noman rani ya bunƙasa, abin alheri ga manomi, amma bakin kogin da garke ke sha ya cika da tumatir da albasa. Takin zamani ya rage darajar kashin shanu, karan dawa da harawa da a da ake bari kyauta suka zama kayan sayarwa. A wannan zamani ne aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya da doka ta 41 ta 1989, hedikwatarta a Kaduna, shirinta na Don Makiyaya a Ruga kuma ya daɗe yana fita a Rediyon Tarayya na Kaduna. Ƙungiyar Miyetti Allah ma a garin ta kafa ofishinta.

Daga wajen 2011 wata annoba ta zo wadda ba ta da allura. Ɓarayin shanu masu manyan bindigogi suka mamaye dajin Kamuku da Birnin Gwari, suna kore garke sukutum. Makiyaya ne suka fara ɗanɗanawa kafin abin ya koma satar mutane, kuma cikin ɓarayin akwai 'ya'yan rugar da aka talauta, akwai waɗanda ba su taɓa riƙe sanda ba. A 2015 gwamnonin yankin suka haɗa ƙarfi da soja aka shiga dajin, aka ƙwato shanu da dama, amma abin ya sake tsiro. Shirin Ruga na tarayya, na tsugunar da makiyaya, an dakatar da shi a Yulin 2019 kafin ya fara. A Damau, ƙaramar hukumar Kubau, kamfanin Arla na Denmark ya buɗe gonar nono a 2023 da shanun Turai. A Yulin 2024 aka ƙirƙiro ma'aikatar kiwo ta tarayya, daga baya aka ba Idi Mukhtar Maiha, wanda ya taɓa shugabantar matatar man Kaduna.

Garkunan da tsoro ya koro sun matso gefen gari, bayan Mando da Rigachikun da Rafin Guza, inda fulotai ke cin fili kowace shekara. Matan ruga na shigowa Kawo da ƙwaryar nono da safe, yara na bi da shanu ta gefen kwalta da bayan makarantu da kan juji. Mahautan Zangon Tudun Wada sun san irin waɗannan shanu tun kafin a kayar da su: ciki ya kumbura, jiki ya bushe. In aka farke tumbi sai a ciro dunƙulen leda da igiyar buhu da ya cika wurin abinci, a jefar gefe, a rage wa mai saniya kuɗi.